ZAUREN ANTI BILKI: Kafin Ki Hau Lilon Sallah, Ja Ƙarfen Nan Ki Ji

  

A wannan fitowar na yi niyyar mu ci gaba da zancenmu na lefe, to amma sai ga wata wasiƙa daga wata ƙanwata 'yar aji biyar a sakandare, wadda ta roƙe ni don girman Allah in sakaya sunanta. Da na karanta sai na ga lefe zai iya jira, wannan kuwa ba zai jira ba, tunda Sallah ta ƙarato. Ga abin da ta ce:

"Anti, wanda aka sa mana rana da shi ya yi alƙawarin zai kai ni da ƙannena gidan wasa ran yawon Sallah, mu hau jirgin lilon nan mai gudu a kan dogo. Wallahi Anti na daɗe ina burin hawansa, duk ƙawayena sun hau. Amma Umma ta ce atafau ba inda za ni, wai abin kashe mutane ne. Shi kuma yana ta yi min dariya, wai ni matsoraciya ce. Don Allah Anti ki raba mana gardama."

To ƙanwata, na ji kukanki. Amma kafin in raba gardama, bari in ba ki labarin abin da ya faru a kan idona, ba wani ne ya faɗa min ba.

Shekara biyu ke nan, ran uku ga ƙaramar Sallah, 'yar yayata mai shekara 13 ta sa ni gaba da magiya sai na kai ta gidan wasa ita da ƙawayenta biyu. Ba zan kama sunan wurin ba. Mun tarar da cinkoso kamar kasuwar Kantin Kwari ana gobe Sallah, ga rana, ga kiɗa, ga samari sun sha shadda suna ta feleƙe. Sai da muka yi kusan awa guda a layi kafin a zo kansu. Ni dai na tsaya a bakin shinge riƙe da jakunkunansu, domin ni da lilo sai dai kallo.

Suka shiga suka zauna, yaron da ke kula da wurin ya bi yana danna ƙarfen da ake saukewa a kan cinya, yana sauri don layi ya yi tsawo. Har ya juya zai kunna, sai na ga 'yar tawa ta ɗan muskuta za ta gyara mayafi, ƙarfen gabanta ya ɗago sama kamar murfin tukunya. Na ƙawayenta kuwa ko motsi bai yi ba. Ban san lokacin da na ƙwalla ƙara ba: "Kai yaro, tsaya! Tsaya na ce!"

Ke dai bari. Nan fa aka yi min ca. Wani ya ce, "Haba Hajiya, kin tsayar mana da layi." Wata ta ce ƙauyanci ne. Yaron ya dawo yana ƙunƙuni, ya danna ƙarfen, ya ɗago. Ya sake dannawa, ya sake ɗagowa. Karo na uku har da sa ƙafa, amma ƙarfe ya ce bai san zance ba. Sai wurin ya yi tsit. Na ce ta fito, na kuma tsaya a nan har sai da na ga an ɗaure kujerar da igiya, an hana kowa zama a kanta.

Yarinyar nan kuka ta yi ta yi a cikin A Daidaita Sahu, wai na kunyata ta a gaban mutane. Sai da dare, ina taje mata kai, ta ce, "Anti, wallahi tun da na zauna na ji bai kama ba." Na ce, "To don me ba ki yi magana ba?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kunya na ji. Samari ne a bayanmu, kar su ce tsoro nake ji."

Ƙannena, wannan amsar ta fi ƙarfen nan tayar min da hankali. Mun tarbiyyantar da ku a kan kunya, kuma kunya ado ce ga 'ya mace, ban ce a'a ba. Amma akwai wurin da shiru ba tarbiyya ba ne, ganganci ne. Kujerar lilo tana cikin wuraren nan.

Tun daga ranar na shiga neman sanin yadda abin nan yake aiki, ga kuma abin da na fahimta.

Yawancin jirgin lilo ba shi da inji a jikinsa kamar mota. Sarƙa ce take jan shi a hankali har ƙololuwar tudun farko, daga nan a sake shi, nauyinsa ne yake kai shi har ƙarshe. Wannan ƙarar "ƙas-ƙas-ƙas" da ake ji lokacin hawa ba lalacewa ba ce, wani haƙorin ƙarfe ne yake bin tsani, domin ko sarƙa ta tsinke jirgin ba zai koma da baya ba. Tayoyinsa kuma kashi uku ne: na saman dogo, na gefe, da na ƙasa masu riƙe shi kada ya tashi. An kuma raba dogon gida-gida, kwamfuta ba ta yarda jirgi biyu su shiga gida ɗaya a lokaci guda. Birkin ma an yi shi ne yadda idan aka ɗauke wuta zai damƙe, ba ya saki ba. Wannan fa ga wanda aka ƙera da kyau ake kuma kula da shi ke nan.

Saura abin da yake riƙe ke kanki. Wani lilon ƙarfen cinya gare shi, wani mai saukowa ta kafaɗu, wani kuma a ƙara da bel kamar na mota. Amfaninsu yana fitowa ne a daidai lokacin da jirgi ya hau tudu da gudu ya sulmiyo, ki ji cikinki ya yi sama, kin rabu da kujera. A wannan daƙiƙar ba ƙarfin hannunki ne zai riƙe ki ba, ko da kuwa ke ce gwanar daka a gidanku. Ƙarfen ne kawai. Shi kuwa sai ya kwanta sosai a kan cinya yake aiki. Idan ya tsaya a kan ciki, ko ya bar fili tsakaninsa da jiki, to sunansa ado.

Masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ku saurari waɗannan, dukkansu a ƙasashen da ake ganin sun fi mu kayan aiki suka faru.

A watan Yuli na 2013, a gidan wasan Six Flags da ke jihar Teksas ta Amurka, wata uwa mai shekara 52 ta faɗo daga jirgin lilo, nisan kusan ƙafa 75, ta rasu. Wata mata da ke layi ta shaida wa 'yan jarida cewa ta ji marigayiyar tana nuna damuwa ƙarfenta bai kama da kyau ba kafin a tashi. Da aka sake buɗe lilon sai aka ƙara masa bel, aka kuma ajiye kujerar gwaji a bakin layi don mutum ya fara zama ya ga ko ƙarfen zai rufe a kansa. Darasin nan shi ne, faɗa sau ɗaya ba ya isa. Idan kin faɗa an ce miki "ba komai", zuciyarki kuma ba ta kwanta ba, ki ce a buɗe miki ki sauka.

A watan Satumba na 2021, a jihar Kolorado, wata yarinya 'yar shekara 6 ta hau wani lilo mai sakin mutane cikin rami mai zurfin ƙafa 110. Kujerar da ta samu ba kowa a kanta a zagayen baya, bel ɗin yana ɗaure, sai ta zauna a kansa maimakon ya zagaye ta. Na'ura ta yi ƙara tana nuna akwai matsala. Masu kula da wurin ba su gano dalili ba, suka kashe gargaɗin suka saki lilon. Yarinyar ba ta dawo ba. Ku masu zuwa da ƙanne, wannan naku ne: yaro ba ya sanin an ɗaure shi ko ba a ɗaure shi ba, ke ce idonsa.

A watan Maris na 2022, a birnin Olando na jihar Fulorida, wani yaro ɗan shekara 14 ya zame daga kujerar wata hasumiyar lilo mai tsawon ƙafa 430. Littafin kamfanin da ya ƙera ta ya ce kada nauyin mai hawa ya wuce kilo 130, shi kuwa ya haura kilo 170. Bincike ya gano an taɓa na'urar kujerar da hannu, yadda fitila za ta nuna ta kulle alhali ratar da ta bari ta kai kamar inci 7, a maimakon inci 3 da ɗoriya na sauran kujeru. An rushe hasumiyar a 2023, jihar kuma ta yi sabuwar doka da sunan yaron. To ƙanwata, idan aka ce miki jikinki ya yi wa kujera yawa, ko ƙaninki bai kai sandar awon tsawo ba, kada ki ɗauka wulaƙanci ne, kada kuma ki cusa wa mai tsaron ƙofa 'yan canji ya kau da kai. Wanda ya hana ki ya fi wanda ya bar ki ƙaunarki.

Wani lokacin kuma ƙarfe ya kama, matsalar daga wani wuri take. Ranar 2 ga Yuni 2015, a gidan wasan Alton Towers na Ingila, an saki wani tarago ba kowa a ciki don gwaji, iska mai ƙarfi ta sa ya maƙale a tsakiyar dogo. Kwamfuta ta yi aikinta, ta tsayar da taragon da ke biye, mai ɗauke da mutum 16. Ma'aikata suka ɗauka kuskure ta yi, suka danne gargaɗin suka sake shi, ya je ya gwabza wa wancan. 'Yan mata biyu, mai shekara 17 da mai shekara 20, sai da aka yanke wa kowacce ƙafa ɗaya. A 2016 kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. Kusa da mu ma, a ƙarshen Yulin 2025, a garin Ɗa'ifa na ƙasar Saudiyya, inda alhazanmu kan je ziyara, wani ƙaton lilo mai shillo ya karye a tsakiya da mutane a kai, fiye da 20 suka ji rauni.

Yanzu sai abin da ya fi shafar mu, wato mayafi, hijabi da gashi. Duk abin da yake juyawa yana iya kama duk abin da yake lilo. A 2010 wata matashiya Musulma ta rasu a Ostireliya bayan mayafinta ya naɗe a ƙafar 'yar motar tsere ta wasa. A 2016 a garin Omaha na Amurka, gashin wata yarinya 'yar shekara 11 ya shiga injin lilo, ya ɗaye mata fatar kai. A 2011 kuma, ran yawon ƙaramar Sallah, har rigima aka yi a wani gidan wasa kusa da Niyok, da aka hana mata masu ɗankwali hawa wasu liluka, 'yan sanda suka kama mutum 15. Ni ban ce ki cire suturarki ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi ranar da za ki hau lilo ba ranar zumbulelen hijabi har ƙasa ba ce, ba kuma ranar gyale mai tashi a iska ba. Ki sa ƙaramin hijabi mai kama fuska, ki cusa gefensa cikin riga, ki tufke gashi ko jelar kitso ciki. Idan kuma ba ki da irinsa, ki haƙura da hawa, ki sha askirim ki yi kallo. Ba a rubuta wa kowa zunubi don bai hau lilo ba.

To ga abin da nake so kowacce ta haddace kamar karatun allo.

Na farko, kafin ki sayi tikiti ki tsaya ki kalli lilon ya yi zagaye biyu ko uku. Mai kula da shi yana bin kujera ɗaya bayan ɗaya yana jan ƙarfe, ko yana can yana danna waya? Akwai tsatsa, ko kujerar da aka ɗaure da waya ko tsumma? Kina jin wata ƙara da ba ta yi kama da ta lafiya ba? Idonki ma ma'aikaci ne. A ƙarshen Yunin 2023, a gidan wasan Carowinds na Amurka, wani uba da ya kai 'ya'yansa ne ya hango ginshiƙin wani jirgin lilo mai tsawon ƙafa 325 ya tsage, yana motsi duk lokacin da jirgi ya wuce. Ya ɗauki hoto ya kai ƙara, aka rufe lilon har sai da aka canja ginshiƙin. Da ya ce ba ruwansa fa?

Na biyu, idan kin zauna ki manna bayanki da kujera, ki tabbata bel a kan cinyarki yake, ba a ƙarƙashinki ba. Ki sauke ƙarfen har ya taɓa cinya, sannan ki tura shi sama da ƙarfinki. Idan ya ɗago, ɗaga murya. Kada ki ɗora jaka a cinya ƙarfe ya sauka a kanta, kada kuma ki ɗauki ƙaramin yaro a cinya.

Na uku, idan ƙarfe ɗaya ne ya haɗa ku ke da ƙaramar ƙanwarki, ki sani a kan cinyar babba zai tsaya, ita ƙaramar ya bar mata fili. Gara ta zauna da sa'arta a lilon yara.

Na huɗu, waya ta zauna a jaka, jaka ta zauna wurin wanda bai hau ba. Hoton da za ki ɗora a WhatsApp bai kai haƙorin wadda ke bayanki ba. In kuma wani abu ya faɗi, kada ki kuskura ki tsallaka shinge. A 2015 a jihar Ohayo wani mutum ya tsallaka ɗauko wayarsa, jirgin lilo ya buge shi ya mutu nan take.

Na biyar, idan lilo ya tsaya da ku a sama, ko wuta aka ɗauke ko wani abu ne ya lalace, ki zauna daram. Kada ki taɓa ƙarfe, kada ki yi ƙoƙarin saukowa da kanki. Sau da yawa tsayawar nan ita ce alamar na'ura ta hango matsala ta taka birki. A Yulin 2023 a jihar Wiskonsin, mutum 8, yawancinsu yara, sun maƙale kai a ƙasa ƙafa a sama, wasunsu har kimanin awa 3, amma duka aka sauko da su da rai, domin ƙarfen kafaɗunsu ya riƙe su har 'yan kwana-kwana suka iso. Ki yi ta salati, ki kwantar wa na kusa da ke hankali.

Na shida, mai juna biyu, mai ciwon zuciya ko hawan jini, mai ciwon baya ko wuya, da wadda aka yi wa aiki kwanan nan, ba su ba jirgin lilo. Amaren bana, da ku nake.

Na san wata za ta ce, "Yo Anti, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Haka ne, rai da ajali na Allah ne. Amma ko ke da kika faɗi haka, ai ba kya barin wuta a kunne a risho ki tafi barci. Ku duba labaran nan da kyau: kusan kowanne akwai lokacin da na'ura ta yi gargaɗi, ko wani ya ga alama, aka yi gaba saboda sauri, ko kunya, ko gudun ɓacin ran masu layi. Ba na so kuma in cusa muku tsoron da ba shi da tushe. Miliyoyin mutane suna hawa kowace shekara su sauka suna dariya, haɗarin ba kullum yake faruwa ba. Sai dai idan ya faru ba ya yin kaɗan.

To ƙanwata mai wasiƙa, ga hukuncina. Umma ba ta yi ƙarya ba, lilo ya taɓa kashe mutane, kuma tsoron uwa ba abin dariya ba ne. Kada ki saci jiki ki je, don duk fitar da uwa ba ta sa wa albarka ba, ko an dawo lafiya ba a ji daɗinta ba. Ki ɗauki mujallar nan ki karanta mata a nutse, ki nuna mata kin san abin da za ki duba, ki roƙi a haɗa ku da babbar yaya ko wata gwaggo. Idan ta amince, alhamdu lillahi. Idan ta ƙi, ki haƙura, lilo ba zai ƙare a duniya ba, kwana nawa ne ma ya rage ki tafi ɗakinki?

Shi kuma angon namu, ki gaishe min da shi, ki ce Anti ta ce ya rage dariya. Yarinyar nan ta Ingila mai shekara 17 da na ba ku labari, ranar ce fitarta ta farko da saurayinta, yana zaune a gefenta, shi ma gwiwoyinsa suka farfashe. Bai gudu ba da ya ga ta rasa ƙafa. Sun yi jinya tare, kuma a 2024 aka ɗaura musu aure. Irin wannan ake kira namiji. Ki lura da naki a ranar: idan kika ce ƙarfe bai kama ba, ya tashi ya tsayar da lilo ko da duk layin zai yi masa ihu, to ki riƙe shi da kyau. Idan kuwa ya ce ki yi shiru kada ki ba shi kunya a gaban abokai, to ki dawo ki sake rubuto min, akwai wata maganar da za mu yi.

'Yar yayata kuwa, bara da Sallah mun koma wani wurin daban. Ina kallonta ta zauna, ta tura ƙarfenta sama, ta miƙa hannu ta tura na ƙawarta, sannan ta ɗago ta yi min murmushi. Ta hau har sau uku, ni kuwa ina ƙasa da jakunkuna kamar kullum.

A nan zan dasa aya. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu koma kan zancen lefe da masu cin bashi don a ce sun yi akwati goma sha biyu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku ta adireshin mujalla. Allah ya nuna mana Sallah lafiya, ya tsare mana ku a duk inda kuka sa ƙafa.

Taku har kullum,
Anti Bilki